Ran Ƙanena Hamisu, Kafin Kasuwar Auduga Ta Buɗe

Zuwa ga Babban Jami'in 'Yan Sanda mai tura masu rakiyar kuɗin auduga zuwa ƙauyuka.

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa da ban girma, da fatan kana lafiya da iyali.

Rabona da gida damina uku ke nan. Ni mutumin Tudun Marke ne, wani ɗan ƙauye tsakanin Funtua da Malumfashi, amma yanzu ina Bukuru ina leburancin kuza. Na aika da wannan takarda gidan jarida ne don na ga in ta bi ta ofis, kaka za ta wuce ba ta iso hannunka ba.

Na farko, abin da ya faru bara. Ƙanen mahaifina, Baffa Tanko, yana da taɓin hankali. Ba kullum ba; yakan yi noma, yakan yi salla, sai in kaka ta yi abin ya motsa. Da ya ji an kafa sikelin awon auduga sai ya ɗauki laujensa ya nufi kasuwa, yana ta faɗa wai ana cutar manoma. Tun ina yaro nake ganin haka, kuma bai taɓa ko ƙwarzanar mutum ba. Garinmu kowa ya san maganinsa. Ba a yi masa tsawa, ba a kama laujen. Mai unguwa Dikko ne zai miƙa masa basilla da igiyar rama, ya nuna masa buhunan da ba a ɗinke ba. Shi da kansa zai ajiye laujen, don ɗinki hannu biyu yake so. Ya zauna yana ɗinki har la'asar, a ba shi fura, ya tafi gida.

Bara aka kawo sababbin 'yan sanda biyu. Da suka hango mutum da lauje yana nufo akwatin kuɗi, ɗaya ya busa usur. Baffa kuwa ba abin da ke firgita shi kamar usur. Ya ɗaga hannu yana ihu. Dikko ya taho da gudu riƙe da basillar, kofur ɗin cikinsu ya tare shi da gindin bindiga. Akawun sikeli, wani Bayarabe haifaffen Funtua, ya yi ta roƙon kada a harba, ba a saurare shi ba. Harsashi ɗaya, a ƙirji. Ban ga gawarsa ba. Wani yaron mota ɗan garinmu ya kawo mini labari bayan an yi sadakar bakwai, daga baya Dikko ya aiko da bayani daidai da nasa.

Na biyu, ba na neman kan wanda ya harba. An ce kurtu ne, baƙo, ko Hausa ba ta ishe shi ba. An ɗora masa tsaron kuɗin da in sisi ya ɓace shi zai sha ɗauri. Da ni ne a wurinsa, Allah kaɗai ya san abin da tsoro zai sa ni. Amma wa ya turo shi garin da bai sani ba, bai ce masa ya tambayi mutanen garin komai ba? An koya masa busa usur da ɗana kunama, shi ke nan. Har yau ba wani daga hukuma da ya taka ƙofar gidanmu ya ce Allah ya jiƙan rai. Abin da aka faɗa wa dagaci kawai shi ne an kashe mahaukacin da ya kai hari.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Ciwon nan na gidanmu ne. Ƙanena Hamisu shi ma yana da shi, kuma tun rasuwar Baffa ba shi da magana sai cewa in an kafa sikeli zai je ya tambayi wanda ya kashe shi. Innarmu ta sa masa mari ta ɗaure shi a turke kamar ɗan maraƙi, tana ba shi abinci tana kuka. Ƙarfen ya ci idon sawunsa. Ya riga ya tumɓuke turken sau ɗaya, kuma tsohuwa ce, ba ta iya riƙe ƙato. An ce auduga ta fara fari a gonaki. Duk motar da ta shigo Bukuru daga wajenmu, sai in tare direba in ji ko da labarin gida.

Saboda haka ina roƙonka abu uku, ba ko ɗaya da zai ci kuɗin gwamnati. Duk wanda ka tura, ya fara zama da mai unguwa ya ji su wa ke da lalura a garin. In irin wannan mutum ya fito, a bar usur, a matsar da akwatin, a ba mutanen gari hanya su yi abin da suka saba. Sa'an nan a gaya musu kamannin Hamisu: dogo ne, baƙi, yana da wushirya, yana ɗingisa ƙafar hagu. Zai yi faɗa da babbar murya. Tambaya kawai yake yi, ranka ya daɗe. In babu mai amsa masa, a bar shi ya gaji.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare 'ya'yanka daga wannan ciwo, ya sa kada ka taɓa jiran irin labarin da nake jira.

Ni ma ban zauna ba. So nake in zo in ɗauke shi zuwa asibiti kafin a kafa sikeli. An ce kuɗin mota da jinya ba za su gaza fam goma ba. Abin da na iya tarawa zuwa yau fam uku ne da sule takwas.

Wassalam.

Isiyaku Tudun Marke,
Barikin lebura, Bukuru.