Ba Zan Faɗa wa Waya Tarihin Gidanmu Ba

Zuwa ga jikata Hauwa'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya a can kudu inda kike bautar ƙasa. Baffanki Sale ke rubutawa, ni nake faɗa, kuma na ce ya sa wasiƙar nan inda jama'a za su gani, su zama shaida.

Saƙonki ya iso. Kin ce in riƙa faɗin tarihin gidanmu a waya ana turo miki: sunayen kakanni, iyakokin gonaki, da yadda muka taso daga Aujara muka zauna a gindin duwatsun nan. To, na ƙi.

Ki tuna shekarar korona. Aka rufe jami'a, kika dawo daga Kafin Hausa da jaka ɗaya, aka ce malamai za su koyar ta waya. Duk gidan nan babu inda sabis ke kamawa sai falalen dutsen bayan rumbuna, inda ake shanya barkono. Nan na shimfiɗa miki buzuna, wanda ko ubanki bai taɓa zama a kai ba.

Ran da 'yan ajinku suka jiyo dakan Goggonki Asabe suka yi ta dariya, na ga yadda fuskarki ta canza. A ranar na kafa doka: babu daka daga hantsi zuwa azahar. Mata suka yi wata guda suna gaishe ni ciki-ciki. Furata ta koma zuwa bayan la'asar. Zakara ma ya sha kulle a akurki.

Kullum ina gefe, ni da ban san ko baƙi ɗaya na boko ba. Ina yi wa malaminku sallama, bai taɓa amsawa ba. Na sha ganin kina gyangyaɗi, shi kuwa yana ta zuba abinsa. Hadari ya taso, muryarsa ta sarƙe, ki ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa.

Da aka buɗe makaranta, har waƙa kike kina haɗa kaya. Kika ce, "Kaka, karatu sai kana ganin fuskar malami, shi ma yana ganin taka." Na ce ki tafi, amarya, gobe zan auro wadda ta fi ki. Amma Allah ya yafe mini, a garin nan ni kaɗai ne ban yi murna ba. Na yi mako ban leƙa bayan rumbu ba.

Ni ma haka na karɓi abin da kike nema. Mahaifina a ƙafa ya zaga da ni gonakin, in hankalina ya tafi ya zungure ni da sanda. Akwai marken da ke kan iyakarmu da mutanen gabas, sai na ɗora hannunki a kai za ki gane shi.

Kada ki daɗe, Kuluwa. Makon jiya sunan ƙanin kakana ya ɓace mini tun safe, bai dawo ba sai da na yi alwalar magariba. Ƙafar ma yanzu sai na lallaɓa ta. Ki zo da an gama girbi, mu zaga tun tana kai ni.

Allah ya tsare mini ke a baƙon wuri, ya yi wa karatunki albarka, ya sa ki same ni da hankalina.

Kakanki,
Malam Buba