Na goge hannuna, matan unguwa sun daina zuwa gwaji

Anti mai ba da shawara, don Allah ki taimaka mini, abin nan ya tsaya mini a rai.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wata ƙungiya mai kai kulawar lafiya unguwannin da asibiti ya yi wa nisa. Wata bakwai ke nan duk Laraba nake zuwa unguwar masu tsintar robobi da ƙarafa a bayan babban juji, ina yi wa mata gwajin hawan jini a ƙarƙashin wata rumfar kwano. Da farko ko kallo ban ishe su ba. Wata dattijuwa da kowa ke kira Iya ce ta fara miƙo hannunta, sauran suka biyo baya, har suka kai arba'in.

Ƙa'idar aikinmu ce, duk wadda na taɓa sai na goge hannuna da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ban taɓa kawo komai a raina ba, ashe suna gani suna haɗiyewa. Mako uku da suka wuce na gama da Iya, na murza hannuna kamar kullum, sai ta miƙe ta ce in dai ƙyamarsu nake yi in zauna a ofis, ba su roƙe ni ba. Tun ranar ba wadda ta sake zama a bencin nan. Wallahi ba na ƙyamarsu, har kuka na yi a mota. Shugabanmu kuma ya ce mu koma wata unguwa. Babban tashin hankalina, jinin Iya ya hau sosai a gwajin ƙarshe, kuma a makon nan maganinta zai ƙare.

Daga Mai Neman Mafita

'Yar'uwa, ba ki yi laifi ba da kika bi ƙa'ida, Iya ma ba ta yi fushin banza ba. Matar da ta saba ganin ana toshe hanci in ta wuce, me kike so ta fahimta? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Kada ki bar tsabtar, lokacinta za ki sauya. Ki riƙa goge hannu kafin ki taɓa mace, a gabanta, ki gaya mata don kada ki kwaso mata ciwon wata ne. Aikin ɗaya ne, amma yanzu ita ake karewa.

Ki roƙi shugabanki ya ƙara miki wata guda. Sannan ki taka da ƙafarki har gidan Iya, ban da motar ofis. Ki zauna inda ta nuna miki, ki ba ta haƙuri ba tare da dogon bayani ba. Ki riƙe maganinta a jaka, ko ta ƙi sauraronki ki bar shi a hannun wani na gida. Gobe za ki je, domin fushi zai iya jira ya huce, hawan jini ba ya jira.

Allah ya ba Iya lafiya, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.