Gudun Rumbu zuwa Dakoro

Dakoro, daren Lahadi, Afrilu 1964

Ciwon ƙafafu ya hana ni kwana. Yau aka yi tseren Rumbu zuwa Dakoro, biyun farko za a kai Maradi. Da asuba aka shirya tashi, amma motar kumandan ta makara, sai da rana ta ɗaga aka sake mu.

Na ce ma abokina Isuhu, "Ranar nan ba ta wasa ba ce, mu fara sannu."

Ya ce, "Kai dai tsoro gare ka," ya wuce.

Na riƙe ƙaramin gudu, kowace rijiya in jiƙa ƙyalle in aza bisa kai, ina wuce na gaba ɗai-ɗai. Ina na biyu, har ina hangen gari, na iske Isuhu kwance cikin rairayi, zufa ta ƙafe mai, bai ma gane ni ba. Na ja shi inuwar aduwa, ina matsa mai ruwa a baki, har wani mai jaki ya ɗauke shi. Na zo na biyar.

Ba ni nadama. Ko dai ina yi kaɗan.

Da magariba ya buɗe ido ya ce, "To, yaushe za ka Maradi?"

Ban faɗa mai ba tukuna.