Maɗaci da Maɗaciya

Dilimi, Jos.

Zuwa ga Yayana Abdulfatah,

Assalamu alaikum. Gaisuwar girmamawa daga ƙanwarka Hassana, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti Mosunmola da yara. Allah ya ƙara maka lafiya da rufin asiri, ya sa ruwan saman Fatakwal ya riƙa ɗaga muku ƙafa. Mu nan sai godiya. Ƙafar maigidana ta yi sauƙi, yara suna makaranta, kasuwar atamfa a Taminus kuma tana nan yadda ka san ta, masu taɓawa sun fi masu saye. Na ba Siman direban motar dankali wannan takarda ne don na san ƙanwarmu Madina ta riga ni zuwa kunnenka ta waya, ni kuwa a waya ba ka barina in kai aya.

Inna dai ta farfaɗo, alhamdu lillahi. Gyambon cikinta ne ya fashe ranar Talata da hantsi, ta yi ta aman jini, ni na rungume ta a keke har asibiti, zanena sharkaf. Jini leda uku aka ƙara mata, ɗaya daga jikina aka ɗiba. An gwada na Madina aka ce bai dace ba. Ba gori nake yi ba, na faɗa ne don ban ji wannan a cikin labarin da ake bayarwa ba. Bayan kwana biyu sai idon Inna ya yi rawaya. Likitanta, Dakta Dantong, ya ce hanta ce ta jigata, wai idan jini ya zuba da yawa hanta takan rasa rabonta, ko an mayar da jinin sai ta yi tata jinyar.

To ga inda aka samu matsala. Dakta mutumin kirki ne, amma Hausarsa irin ta Jos ce, mace da namiji duk "shi" ne. Na tsare shi a baranda na tambaye shi abin yi, ya ce akwai maganin da zai taimaki hantar, asalinsa daga ruwan maɗaci ne, sai dai a waje za mu nemo. Yaya, kai da ka tashi a gidanmu, in an ce maka maɗaci me za ka kawo? Na tafi wurin Malam Haladu mai sassaƙe, na zaɓi ɓawo sabon sara, na jiƙa a galan mai tsabta na kawo. Ashe maɗaciya yake nufi, 'yar jakar ɗacin nan da ke manne da hanta, wadda mahauta ke cirewa a hankali don kada ta ɓata nama. Harafi biyu ya haɗiye, ni aka bari da galan. Takardar maganin kuwa tun da safe ya ba Madina, ita kuma ba ta ga dalilin gaya wa mai atamfa ba.

Na tsiyaya a kofi ke nan sai ga Madina ta shigo da farar rigarta ta kemis. Ta fizge kofin, ta shinshina, ta ɗauki galan ɗin ta juye a kwata, a gaban Gwaggo Fadeke da nas-nas da duk majinyatan ɗakin. Sannan ta buɗe aji. Wai a cikin ruwan maɗaciya akwai wani sinadari da ake yin ƙwaya da shi, wai masu bincike sun gwada a jikin ɓeraye da aka zubar wa jini suka ga hantarsu ba ta lalace sosai ba, amma a jikin mutum ba a gama tabbatarwa ba, Inna dai don ciwon shawarar da ya fito mata aka rubuta. Ta ce jiƙona zai iya ƙara wa hantar nauyi. Na yarda, a nan ta fi ni gaskiya, kuma na gode Allah Inna ba ta kurɓa ba. Amma yarinyar da na goya, na wanke wa kashi, ba za ta iya jana gefe ba? Yanzu dangi Likita suke kiranta, ni kuma matan layinmu sun sa mini Hajiya Maɗaci. Inna da kanta, da jinina a jikinta, ta ɗaga hannu tana cewa Allah ya yi wa boko albarka. Na ce amin, da me zan ce?

Ranar Litinin za a sallame ta, kuma Madina tana ta faɗa wa mutane wai ka amince Inna ta koma gidanta a Daɗin Kowa gaba ɗaya, don Dilimi ba wurin mara lafiya ba ne. Shekara goma sha ɗaya tun rasuwar Baba, Inna tana ɗakin da ke kallon nawa. Ni na san tarinta na mura da tarinta na fushi. Madina tana fita bakwai na safe sai magariba, gidanta get da kwaɗo, maƙwabtanta ko sunanta ba su sani ba. Da wa Inna za ta yi hira, talabijin? Eh, ina jin kishi, ba zan ɓoye maka ba. Kwana shida Madina ta yi a asibiti ta kwashe ladan shekaruna. Amma ƙwaya ba ta san unguwa ba, Yaya. Na sa nas ɗin ɗakin, Sista Okwuchi, ta koya mini lokutan shanta har na haddace, kuma na yi alkawari ko ganyen shayi ba zan jiƙa ba sai na tambaya.

Roƙona ɗaya ne, kada ka yanke hukunci da kunne ɗaya. Ka kira Inna ka tambaye ta da bakinka inda take son zama. Ka kira tsakanin azahar da la'asar, lokacin ta fi samun ƙarfin magana, Madina kuma tana shago. Ni ba zan ce uffan ba, wayar kawai zan riƙe mata, tunda hannunta akwai ƙarin ruwa.

Ka gaishe mini da Anti Mosunmola, da Seyi, da Azeez. Maigidana da Gwaggo suna gaishe ka. Madina ma tana gaishe ka, ban tambaye ta ba, amma ni ba na hana mutum haƙƙinsa.

Taka ƙanwa, wadda take nan inda ka bar ta,
Hassana.