Na Koyi Kula da Maigida, Yanzu Guduna Yake Yi

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Mijina saje ne. Tun da ya dawo daga fagen daga barcinsa ya lalace, ƙofa ta bugu da ƙarfi sai ya zabura, gumi ya karyo masa. Likitan bariki ya ce ciwon damuwa ne mai kama wanda ya ga tashin hankali, ya ɗora shi a kan magani. Mu iyalai kuma aka buɗe mana aji. Ni ce a kujerar gaba. Malamar ta ce a rage hayaniya, a saurare su, a riƙa tambayar yadda suke ji.

Na dawo gida na zage. Na naɗe murafen tukwane da tsumma, na cire wa agogon bango batir. Yara da safa suke yawo, autanmu ko atishawa zai yi sai ya ruga baranda. Surukata, wadda a da ake jiyo muryarta daga gida na uku, yanzu da hannu take magana, har maƙwabciya ta shigo duba ta. Shi kuwa ko ruwa ya kurɓa sai in zauna gabansa, in zuba masa ido, in tambaye shi me yake ji a ransa.

Yanzu ya koma zama cikin mota a ƙofar gida, gilashi a rufe, rediyo a kunne. Jiya na ƙwanƙwasa a hankali, ya sauke gilashin ya ce ko abokan gaba ba su taɓa yi masa irin wannan ƙawanya ba, kuma rabon da a yi masa faɗa kan takalman da yake watsarwa a falo har ya manta. Na yi dariya, na koma ɗaki na yi kuka. Tsoro nake kada ya yi mini nisa. A ina na kuskure?

Matar Saje

Matar Saje, ba ki yi laifi ba, kin dai sha maganin wata guda a rana ɗaya. Tsoronki gaskiya ne, ciwon ma gaskiya ne. Amma ki duba ta ɓangarensa: mutumin da ya saba ba da umarni ya dawo ya tarar an mai da shi ƙwai. Gidansa yake kewa, da hayaniyarsa da mitarki.

Ki tambaye shi sau ɗaya, cikin raha, wace ƙara ce ke firgita shi. Ita za a kiyaye, sauran a sake su. Ki mai da wa surukarki muryarta, ki yi faɗan takalma. Abin da ba wasa a cikinsa shi ne shan magani da ranar ganin likita. In kika ga ya daina ci, ko ya fara zancen gajiya da rayuwa, ki kira likita a ranar, kada ki jira.

Ki koma ajin, ki ba malamar wannan labari, na tabbata ba ke kaɗai ba ce. Ki kuma samu 'yar'uwar da za ta riƙa tambayarki ke ma yadda kike ji.

Allah Ya ba Saje lafiya, ke kuma Ya sanyaya miki rai.