Awoyin da Na Tara wa Baba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Baba? Allah Ya ba shi sauƙi, Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya saka miki da alheri kan jinyar da kike yi ke kaɗai. Ni ma lafiyata ƙalau, in dai ta jiki ce. Kada ki yi mamakin ganin rubutu alhali ga waya. Na san halinki, da na kira sai ki ƙure murya ki kai wa Baba kusa da kunne, maganar nan kuwa ba na so ya ji ta daga bakina.

Yaya, ba zan zo ƙarshen watan nan ba kamar yadda na yi alkawari. Bari in warware miki tun daga farko, don kada ki ce Auta ta samu wuri ta manta da gida. Kin san a kamfanin wankin nan namu, inda muke wanke zannuwan gado da tawul na otal-otal, da awa ake biyanmu. Da safe mu dangwala yatsa a wata na'ura da ke bakin ƙofa, in za mu tashi mu sake dangwalawa, ita ke ƙirga mana lokaci. Awa arba'in ne aikin mako. Duk abin da ya haura haka shi ne obataim, kuma kowace awarsa ana lissafa ta awa ɗaya da rabi. Mutum na da zaɓi, ko a ba shi kuɗinsa, ko a ajiye masa a matsayin hutu. Da Baba ya faɗi, jikinsa ya shanye, sai na je wurin akawu na ce a daina ba ni kuɗin, a tara mini awoyin, ina so in haɗa hutun mako uku in zo in zauna da mahaifina.

Allah Ya gani na yi aiki. Lokacin da baƙi suka cika gari, ni ce farkon shiga, ni ce ƙarshen fita. Ina tsaye gaban injin guga, tururi na dukan fuskata, zanin gado na fitowa da zafi ina cafewa ina ninkewa, har fatar yatsuna ta yi sulɓi, na'urar ma wani lokaci sai ta ƙi gane ni. Abokan aiki suna tsokanata wai ko aurena aka ɗaura da injin. Ni kuwa duk awar da ta wuce, a zuciyata cewa nake wannan ta Baba ce.

Sai kasuwa ta ja baya, kaya suka ragu. Madam, wato mai kula da sashenmu, ta fara zagayowa bayan azahar tana tambayar wa ke son tafiya gida da wuri. Sauran mata kowa sai ta sunkuyar da kai ta kama aikin ƙarya, domin duk wadda ta tafi, albashinta na makon sai ya zo da giɓi. Rannan ciwon baya ya matsa mini na tafi, amma da aka biya mu na ga nawa cif, ko kwabo bai ragu ba. Na sake gwadawa, haka. Sai na ce a raina lallai Madam ta ga wahalar da na sha ne take saka mini a ɓoye. Na kama bakina don kada a yi mata surutu. Daga nan kusan kullum ni ce mai ɗaga hannu. Ki yi dariya in kina so, har turare na saya na kai mata na gode, ta karɓa tana kallona kamar ba ta gane dalili ba.

Makon jiya na je wurin akawu da murnata don a rubuta mini hutu. Ya duba kwamfuta ya ce abin da ya rage mini bai kai kwana uku ba. Na ce ya sake dubawa, wataƙila sunan wata ya buɗe. Sai ya yi mini bayani a hankali, ya ce duk makon da na gaza awa arba'in, daga ajiyata ake ɗebowa a cike, shi ya sa albashina bai taɓa raguwa ba. Sauran ba su da ajiya, don haka su a aljihu suke ji. Na nufi Madam na tambaye ta. Ta rantse ta ɗauka na sani, ta ce ai an faɗa a taro. Wataƙila an faɗa, amma taron namu a tsakiyar injina ake yi, ko sunanka aka kira sai an taɓa ka. Ban ma samu wanda zan yi wa faɗa ba, wannan ya fi komai ci mini rai.

Na roƙi hutu ba albashi. Suka ce in na wuce mako guda za a ba wata gurbina, akwai masu jira a bakin ƙofa. Hanya kaɗai kwana biyu ce zuwa, biyu dawowa, ga kuɗin mota, kuma ke kin san maganin Baba daga wannan albashin yake fitowa. In na zo maganinsa ya tsaya, in na zauna ban gan shi ba. Obataim kuwa ba za a sake samu ba sai baƙi sun dawo baɗi, ga shi kin ce likita ya ja ki gefe ya ce a yi ta addu'a. Na juya lissafin nan ta ko'ina, ya ƙi fita.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne tuna yadda na kashe awoyin. Barci na yi da rana. Na je kitso. Wata rana zama kawai na yi a bakin taga ina kallon masu wucewa, ina jin daɗi wai na samu hutun banza. Ashe zaman da zan yi kusa da Baba nake gutsura ina ci, awa biyu yau, awa uku gobe. Wallahi Yaya zuciyata ta karye, ko abinci ba na jin ɗanɗanonsa.

Ki gaishe mini da Goggo da Kawu Direba, da maigidanki, da Gajere da 'yan biyunki masu ƙiriniya. Baba kuma ki zaɓi ranar da jikinsa ya yi dama ki gaya masa, ki ce ban yi da gangan ba, ya yafe mini. Kin ce tun da na yi alkawarin zuwa ya hana kowa taɓa masa farce, wai Auta ce ta iya yankewa ba ta ji masa ciwo. Ki jiƙa masa hannun a ruwan ɗumi tukuna, sannan ki fara da ƙaramin yatsa, haka yake so. Ki yanke masa, Yaya, kada ki jira ni.

Ƙanwarki mai kewarku,
Auta