Motar Yaya Sani

Tanout, daren Alhamis

Barci ya ƙi zuwa. Yau maigidana Alhaji ya aike ni gareji in zaɓi kan motar da zai ja sabuwar tirelarsa, wadda za mu riƙa lodin shanu da ita daga Belbeji zuwa Damagaram. Kawuna biyu na tarar, fari da ja. Farin ya fi kyan gani, amma tayarsa shida, kuma ina tada injin na san ba zai iya da wannan nauyi a rairayin Tarka ba. Jan kuwa taya goma, farantin da ke riƙe tirela sabo ne, birki yana kamawa.

Na hau na zauna, sai hannuna ya taɓa wata igiyar fata ɗaure ƙarƙashin sitiyari. Ni na kitsa ta da hannuna. Motar Yaya Sani ce, wadda ta kife da shi bara a hanyar Agadas, Allah ya jiƙansa. An gyara ta, an sake fenti.

Makaniken garejin ya ce, "Malam Idi, lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau."

Da Alhaji ya kira ya ce, "Wanne ka gani?" na ce jan. Gaskiyar ke nan. In na ɗauki farin, wata rana zai mace mana cikin daji, ƙishirwa ta kashe dabbobin mutane.

Jibi zan fara tuƙa ta, kuma hanyar ta ƙofar gidanmu ta bi. Inna tana gane kukan injin nan tun daga nesa, lokacin Yaya yana raye da shi take tashi ta ɗora masa ruwan wanka. Ban san abin da zan faɗa mata ba in ta fito.